Jaka Ruwan Malmo Ba Ta Yi Wa Kowa Laifi Ba

Saƙon ya shigo ne bayan sallar isha'i, a zauren WhatsApp ɗin da aka buɗe saboda bikin 'yar ƙanwar Ummanmu. Babbar ƙawar amarya ce ta turo shi. Ankon dina leshi ne ruwan toka, ɗaurin kai ruwan azurfa, jaka da takalmi kuwa dole ruwan malmo. Ita dai ba malmo ta ce ba, "fafal" ta ce, yadda 'yan matan yanzu ke faɗa. Ta rufe da cewa duk wadda ta zo da wata kala, don Allah ta yi haƙuri, kada ta shiga hoto.

Kafin gari ya waye zauren ya cika da surutu. Na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya ina neman wadda za ta ce, "Wai don me za a zaɓa mana jaka?" Ko ɗaya ban samu ba. Duk gardamar a kan wane irin malmon ake nufi: mai duhu sosai, ko mai haske irin ɓawon albasa, ko wanda ya karkata wajen zoɓo. Wata baiwar Allah ta ɗauki hoton tata jakar ta turo, aka ce mata a'a, wannan ta yi ja da yawa. Ta ce bara fa ta saye ta, sau ɗaya ta riƙe. Aka ce ta yi haƙuri.

Washegari ƙanwata, wadda ke koyarwa a wata makarantar kuɗi, ta kira ni. "Yaya, ki ranta mini wani abu zuwa ƙarshen wata, in na kwashi adashi zan ba ki." Gabana ya faɗi, na ce lafiya, ko yaron ne ba ya jin daɗi? Ta yi jim, sannan ta ce jaka da takalmi za ta saya. Na ba ta, don kada a ce ni na hana ta shiga hoto, amma abin ya tsaya mini a rai.

An yi dina, an tashi lafiya. Gaskiya sun yi kyau, ba zan ɓoye ba. Bayan wata takwas na je gidanta, ta buɗe sif za ta ɗauko mini mayafi, sai ga jakar can a ƙurya, ƙulle cikin ledarta. Na ce ba ki ƙara riƙe ta ba? Ta ce, "Haba Yaya, ina zan je da wannan? Ai ba ta shiga da komai." Na zaro ta. Hannun har ya fara saɓa, ɓarɓashi ruwan malmo ya manne mini a tafi kamar na murje busasshen fure.

Tun ranar nake son yin wannan rubutu, kuma bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu. Jaka ruwan malmo ado ce mai kyau, ta isa a rataya ta ranar Talata a tafi wajen aiki kamar yadda ake rataya baƙa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda muka mayar da ita kayan dare ɗaya: a tilasta wa mace ta saya, a kalar da ba ita ta zaɓa ba, kuma ta robar da ba za ta ga damina biyu ba. Amare su fitar da atamfa ko leshi in suna so, amma su cire hannu daga jakar mutane. Mu kuma masu saye, in za mu sayi jaka mai kala, mu sayi guda ɗaya ta kirki mu more ta.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini shi a gida.

"Ai ba ta shiga da komai"

Da wannan zan fara, don ita ta fi ɗaure mini kai. Jakar nan da leshi ruwan toka aka riƙe ta a wajen dina, kowa ya yaba. To ƙanwata tana da abaya ruwan toka, tana da hijabi ruwan toka har biyu. Me ya hana jakar shiga da su? Babu, illa an sa mata a ka cewa jaka da takalmi da mayafi sai sun zama uwa ɗaya uba ɗaya.

Wannan doka ba daga sama ta sauko ba. A shagunan kayan lefe ta yi ƙarfi, inda ake haɗa jaka da takalmi a kira su saiti, a jera kala-kala, a ce wa dangin ango kowace atamfa sai da nata. Mai shago ba shi da laifi, kasuwarsa yake nema. Mu ne muka ɗauki dabarar ciniki muka riƙe ta kamar farilla.

Ki tsaya gaban mai kayan miya ki duba tirensa. Ga albasa, irin ta Galmi ta ƙasar Nijar, wadda Faransawa ma da kalarta suka raɗa mata suna, Violet de Galmi. Tana zaune kusa da koren lawashi da jan tumatir da ruwan goron karas, ba wanda ya taɓa cewa tiren bai yi kyau ba. Ko ki ware atamfar da kika fi so ki ƙirga kalolin da ke jikinta. Za ki samu huɗu ko biyar, kuma sau da yawa akwai malmo a maƙale cikin wani fure ko wani zane. Jaka guda ta isa ta ɗauko wannan ɗan furen ta fito da shi.

Ni da kaina na gwada. Tana shiga da baƙi, da fari, da ruwan toka, da ruwan ƙasa mai haske. Da ruwan ɗorawa kuwa ba a magana. Inda na ga ta ƙi shi ne da jan da ya yi jajir, nan kam sai su riƙa faɗa da juna. Kala ɗaya ke nan cikin sif guda.

Marigayiya Sarauniyar Ingila, Elizabeth ta biyu, wadda ta rasu a 2022, ta yi shekara da shekaru tana fita da riga kore shar, gobe rawaya, jibi ruwan hoda, amma jakarta ta kamfanin Launer galibi baƙa ce, ba ta bin kalar riga. Ba a taɓa cewa ta fita daga hoto ba.

Akwai kuma masu cewa kalar yara ce, babbar mace ba ta riƙe ta. Waɗannan sun manta da rawani ɗan Kura. Turkuɗin da ake rinawa da baba, a kai mabuga a buga shi har ya ɗauki ƙyalli, in rana ta haska shi sai ka ga shuɗin ya juye yana walƙiyar malmo. Dattawa da masu sarauta ke naɗa shi, Buzaye kuma tun daga Agadas suke biyan kuɗi mai tsoka su saya. Ba wanda ya ce musu sun yi shigar yara.

A can ƙetare ma kalar manya ce tun asali. Mutanen birnin Sur, a gaɓar tekun ƙasar Labanan ta yau, daga jikin wani dodon koɗi na ruwan gishiri suke tatso ta. Wani masanin kimiyya da ya gwada a 1909 sai da ya yi amfani da dodon koɗi 12,000 kafin ya samu rinin da bai kai giram biyu ba. Shi ya sa sarakunan Rum suka keɓe ta wa kansu. Talaka bai same ta a araha ba sai bayan 1856, lokacin da wani saurayi ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, abin ya ƙi, sai ga rini ruwan malmo a gindin kwalbarsa. Yau ita ce kalar da ake yi wa Ranar Mata ta Duniya ado da ita duk 8 ga Maris. Kalar da ta sha wannan doguwar tafiya ita ce muke ƙullewa a leda bayan awa huɗu.

"Rana ɗaya ce a rayuwarta"

Wannan hujjar Inna ce, uwar amarya. Da na yi mata ƙorafi cewa ta yi, "Ke dai kin cika tsirfa. Yarinya rana ɗaya ce a rayuwarta, ku bar ta ta ga abin da ranta ke so."

Ga amarya, haka ne, Allah ya sa ɗayar ce. Amma ga mai zuwa biki ba rana ɗaya ba ce. Mace tana da danginta, tana da dangin miji, ga ƙawayen makaranta, ga abokan aiki, ga 'yan Islamiyya, ga maƙwabta. In watan Sha'aban ya kama, kowa na son ya kai 'yarsa ɗaki kafin azumi, sai ki ga kati uku a mako guda. Disamba ma haka. Kuma bikin yanzu ba yini ɗaya ba ne: ga kamu, ga yini, ga dina, an ƙaro ranar Fulani da daren Larabawa. In kowace amarya ta ce tata ranar ɗaya ce, ita wadda ake gayyata ranakunta nawa?

Kada a ɗauka anko nake yaƙa. Anko yana da hikimarsa. Daga 'yan uwanmu Yarbawa muka aro shi, su suna ce masa aso ebi, wato tufar dangi. Kyansa shi ne in an ɗinka yadi ɗaya, matar Alhaji da matar mai Adaidaita Sahu sai su zauna a tabarma ɗaya ba a gane wace ce wace ba. Kuma atamfa ba ta asara. Bayan biki za a sa ta a je unguwa, in ta kwana biyu ta koma ta zaman gida, daga nan ta zama zanin goyo, ƙarshe a yi tsumma da ita. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Jakar dole kuwa rushe wannan hikimar take yi. Kala ɗaya ce, amma kowa na ganin wadda aka sayo a Dubai da wadda aka tsinto a gwanjo. Abin da yadi ya rufe, jaka ta tona.

Sannan akwai waɗanda ba a gani a hoton kwata-kwata. A wannan bikin, wata 'yar uwarmu da mijinta ya rasa aiki ta ɗinka ankon da ƙyar, amma daren dina ta aiko cewa kanta ke ciwo. Duk mun san ciwon. Washegari da sassafe tana gidan biki tana wanke tukwane, lafiyarta ƙalau. Wadda ta fi kowa yi wa amarya wahala ita ce babu a hoton da aka rataya a falo. In zumunci ake nema da anko, to a nan an yi ba a yi ba.

Ga kuma halin da ake ciki. Jakunkunan nan daga waje ake shigo da mafi yawansu, musamman daga Guangzhou ta ƙasar Sin, da kuɗin waje ake sayo su. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da aka saki naira, farkon 2024 ta haura 1,500. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma malaman makarantun kuɗi da yawa ko shi ba sa samu. Ita babbar ƙawar amarya da ke rubuta "dole", da wane albashi take lissafi?

"Kuɗinta ne, ina ruwanki?"

Wannan ba za ta ɗauke ni lokaci ba. In mace ta shiga shago ta ga jaka ranta ya biya, ta zaro kuɗinta ta saya, ko guda goma ne, Allah ya sa ta kashe lafiya. Ba ruwana. Amma wadda aka ce mata ko ki saya ko ki koma gefe, ba za a ce ita ta zaɓa ba.

Kuma a wannan karon ma kuɗin nawa ne. Har yau da sauran canjina a hannunta.

Kallon kitse ake yi wa rogo

Na raka ta sayen jakar, don haka na ga yadda aka yi. Mai shagon ya sauko da ita daga ƙugiya, ya busa ƙurar da ke kanta, ya ce, "Hajiya, wannan 'yar Turkiyya ce, fata ce zalla." Har ya ƙyasta ashana ya gilma ta jikin jakar da sauri, wai mu ga ba ta narke ba. Na buɗe ƙaramin aljihun ciki na ga ɗan ƙyallen da aka rubuta ƙasar da ta yi ta. Na nuna masa. Ya yi dariya ya ce, "To Hajiya, ai duk duniya yanzu can ake yi."

Ban ga laifin mutanen Sin ba. Suna yin mai kyau, suna yin ta banza, abin da ka biya shi za a ɗinka maka. Ɗan kasuwarmu ya san jakar dare ɗaya za a yi da ita, ba mai dawowa ya ce ta lalace, don haka mafi araha yake ɗaukowa. Dokar anko ita ta buɗe wa tarkacen kasuwa.

Abin da ake kira fata a irin waɗannan jakunkuna yadi ne aka shafa wa roba sirara a sama, aka danna mata zane mai kama da ƙofofin gashin fata. Zafi da laima su ne ajalinta. Ta sha zafin Maris da Afrilu a cikin sif, damina ta zo ta sha laima, sai robar ta fara rabuwa da yadin. Ajiyar ma ba ta cetonta. Wadda aka ƙulle a leda ba ta shan iska ta fi saurin mutuwa. In hannu ya tsinke mai gyaran takalmi zai ɗinke miki, amma in ta fara saɓa babu mai magani, sai bola. Hausawa sun ce araha ba ta ado, to wannan ko arahar ma ba ta yi ba.

Za a ce 'yan kasuwa fa, da me za su ci? Mata ba za su daina sayen jaka ba har tashin duniya. Sai dai in mai saye ta fara tambayar shekara nawa jaka za ta yi, mai shago zai fara sauke wadda za ta yi shekarun.

A garin dukawa muke sayen roba

Abin da ya fi ci mini rai ke nan. A Kano fa muke.

Fatar jar akuyar Sakkwato da 'yar uwarta ta Maraɗi tana cikin fatun da duniya ta fi yabo. Ayari ke ɗaukarta ya ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, suna yi wa littattafansu masu daraja bango da ita. Bature Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda takalma da kayan fata na garin nan ke tafiya ƙasashe masu nisa.

Harshenmu kansa shaida ne. Muna da gafaka ta Alƙur'ani da littattafai, muna da zabira ta wanzami, ga burgami, ga alabe na zuba kuɗi, ga taiki na loda wa jaki. Kowace da sunanta da aikinta. Har kuɗi da jaka muke ƙirga shi: tsofaffi a nan in sun ce jaka guda naira 200 suke nufi, a Nijar kuwa sefa 1,000. Mutanen da suka san jaka haka, yau jikokinsu ke tsaye ana ƙyasta musu ashana a jikin roba.

Fatar ba ta ƙare ba. Kamfanonin jima da suka rage a Challawa da Sharaɗa suna gyara ta, a loda zuwa Italiya da Sifen, can a yanka a ɗinka a manna suna, ta koma abin da sai wane da wane. Ta saniya kuma, Allah ya ba mu haƙuri, mun jefa a tukunya mun cinye a ganda. Ni ma ina ci, ba zan yi ƙarya ba.

Bayan abin da na gani a sif ɗin ƙanwata, sai na ce bari in gwada da kaina kafin in yi wa mutane wa'azi. Na tafi wajen dukawa ta Ƙofar Wambai. Tun daga nesa warin jima ke yi wa mutum maraba, warin bagaruwa da ɗanyar fata. Na samu wani dattijo zaune a kan buzu, tabarau a karan hanci, ƙafa ɗaya ta tabaran da zare aka ɗaure ta, basilla a hannu yana huda bakin wani alabe.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, jaka nake so, ta mata, ta ratayawa." Ya ce wace kala? Na rasa yadda zan kwatanta, sai na tuna da cefanen da ke hannuna. Na zaro albasa guda, na ɓare ɓawon sama, na nuna masa na biyun, na ce irin wannan amma ta fi duhu kaɗan. Ya karɓa ya juya ta, ya yi dariya har tabaran ya zame.

Ya ce, "'Yata, mu ja muka gada, na karan dafi, da baƙi da rawaya da kore. Amma wannan ma akwai garin rini na kanti, za a yi. Bar mini albasar."

Yanzu bari in faɗi gaskiyar da masu kushe kayan gida ke da ita, don suna da ita. Mako biyu ya ce mini, sai da na yi sawu uku, aka shiga na huɗu. Zif ɗin da ya fara sawa tun a gabansa ya cije, sai da na je na sayo mai kyau da kaina na kawo. Shafin ciki da ya yi niyyar sawa wani yadi ne mai santsi da na san ba zai yi wata uku ba, na ce a canza. Jakar ta yi kusan wata guda tana warin jima. Ranar farko da na rataya ta a kan farin hijabi kuwa, ta bar mini tabo a kafaɗa, sai da na koma ya goge ta ya shafa mata abin da ke kama rini.

Duk wannan gaskiya ne, kuma dukawanmu sai sun gyara in suna son matan yanzu su dawo gare su. Hannunsu a fata ba shi da na biyu, amma zif da ƙarafa da shafi da cika alƙawari su ke kayar da su. Muna da cibiya guda ta gwamnatin tarayya a Samaru, Zariya, wadda aikinta ke nan, binciken fata da koyar da sarrafa ta. Ina ma abin da ake koyarwa a can zai iso rumfar wannan dattijo. Akwai kuma matasa, maza da mata, a Kano da Kaduna da Abuja da suka fara haɗa fatar gida da ɗinkin zamani suna tallatawa a Instagram, wasunsu in kika ga aikinsu sai kin rantse daga waje aka kawo.

Kuɗin da na kashe ya kusa ninka na jakar ƙanwata. Amma tawa yau ta shiga shekara ta biyu, kullum tana kafaɗata. Kalar ta ɗan ƙara duhu a inda hannu ke yawan taɓawa, fatar ta yi laushi, ta fi ranar da na karɓo ta kyau. Tata kuwa tuni almajiri ya kai bola.

Na san ba kowa ke da halin biyan kuɗin fata a tashi ɗaya ba. To ai wannan hujjata ce, ba ta masu anko ba. Wadda ba ta da halin sayen guda ɗaya mai kyau, ita ce ta fi cancanta a ƙyale ta da baƙar jakarta, kada a sa ta sayen ta roba biyar a shekara.

Masu cewa tana jan ido

Wani kawunmu ya gan ni da ita a gidan suna, ya ce, "Wannan jaka taki ba ta yi ƙyalli da yawa ba kuwa? Mace ai ba a son abin da zai sa a waiwayo." Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, hijabin 'yan Islamiyyar unguwarku wace kala ce?" Ya yi shiru yana tunani, sai ya yi murmushi, don ruwan malmo ce, yara sun fi ɗari suna wucewa ta ƙofar gidansa kullum da la'asar.

Kamun kai yana ga yadda mace ta rufe jikinta da yadda take tafiyar da kanta. Ita jaka ma'aikaciya ce. In kika zazzage tawa yanzu za ki samu makullin gida, katin asibitin yara, cajar waya, biro biyu ɗaya ba ya rubutu, carbi, maganin ciwon kai, ragowar biskit, da takardar kuɗin makaranta da nake ɓoye wa kaina. Abin da ke ɗauke da wannan kaya daga safe zuwa dare, in an ce ya zama mai kalar da ke faranta wa mai shi rai, ban ga abin waiwaye a ciki ba.

Makon jiya an sake jefa ni a wani zauren, bikin 'yar maƙwabciyarmu. Atamfa kore da fari, jaka da takalmi ruwan goro, kuma an ja layi a ƙarƙashin "dole". Ƙanwata ma tana ciki, na ga ta karanta ba ta ce komai ba.

Na rubuta: "Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. A ajiye mini atamfa turmi ɗaya, gobe zan aiko da kuɗin. Jaka kuwa da tawa zan zo, ruwan malmo ce. In babu wuri a hoto, ni zan ɗauke ku."

Mutum arba'in da ɗaya sun karanta. Babu wadda ta amsa a zauren. Amma kafin in kwanta mata uku sun biyo ni ta gefe, biyu suna tambayar ko da gaske zan yi, ɗayar kuma tana son kwatancen rumfar Baba.